Hoton da Ke Hukunci Kafin Wuƙar Likita

Malaman usulu, sa'ad da suka ƙididdige abubuwan da shari'a ta zo domin kiyayewa, sun ambaci rai, sun ambaci zuriya, suka kuma gabatar da rai idan biyun suka yi karo. To, da wuya a sami inda wannan mas'ala ta fi fitowa sarari kamar a ɗakin likita, ranar da aka shaida wa mace 'yar shekara talatin, wadda ba ta taɓa haihuwa ba ko kuwa ɗa ɗaya gare ta, cewa tana da sankarar bakin mahaifa. Sau da yawa kafin ta tambayi kwanakinta sai ka ji ta ce, "Likita, ke nan cire mini mahaifa za a yi?"

A da amsar ɗaya ce, ko a cire mahaifar ɗungum ko a yi gashi, kuma kowanne aka ɗauka haihuwa ta ƙare. Sai wani likita Bafaranshe, Daniel Dargent, a birnin Liyon, ya fito da wata hanya wajen ƙarshen shekarun 1980, ya bayyana sakamakonta a 1994. Mahaifa dai kamar gora ce da aka kifa, cikinta a sama, wuyanta a ƙasa, tsawonsa santimita 3 zuwa 4. Sai a yanke wuyan tare da naman da ke kewaye da shi, a haɗa abin da ya rage da farji, a ɗaure bakinsa da zare mai ƙarfi. Mata da dama sun sami ciki bayan wannan aiki, ko da yake ɓari da bakwaini sun fi yawa gare su, haihuwar kuma sai ta tiyata.

Amma fa wannan rangwame yana da sharuɗɗa masu tsanani, domin kuwa wanda ya bar mahaifa alhali cuta na ɓoye a cikinta ya sayar da rai ne don ya sayi zato. Lalle ne ƙarin sankarar kada ya wuce santimita 2, kada ya ratsa zuwa naman gefe, kada ya kai ga kaluluwar ƙugu, kuma ya zamana tsakanin kansa da ƙofar mahaifa ta ciki akwai lafiyayyen nama kimanin santimita 1, inda wuƙa za ta bi. Yatsan likita, komai ƙwarewarsa, ba ya kai wa ga wannan ƙofa, idonsa kuwa baki kaɗai yake gani. Nan ne hoto yake tsayawa a matsayin shaida, har ma ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta yarda a 2018 a kafa hujja da shi wajen ƙayyade matakin da cutar ta kai.

Mafi ingancin shaidun nan ita ce na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu ba da haske mai cutarwa ba. Matar za ta tuɓe 'yan kunne da awarwaro da duk wani ƙarfe, ta kwanta rigingine a tura ta cikin na'urar, ta daure da ƙararta kamar rabin sa'a ba tare da motsi ba. Bayan nan sai likitan hoto ya zauna gaban allo, inda lafiyayyen naman wuyan mahaifa yake fitowa da duhu, ƙarin kuwa ya fi shi haske. Ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan ya auna, ya duba ko duhun da ya kewaye ƙarin ya tsinke a wani wuri, sannan ya auna tazarar da ta rage zuwa ƙofar ciki. A kan 'yan milimitocin nan makomar gida guda take rataye, shi ya sa nake ganin haƙƙi ne a kan mai wannan aiki ya yi shi da natsuwa da tsoron Allah.

Duk da haka hoto ba ma'asumi ba ne. Kumburin da yankan gwaji ya bari yakan yi kama da cuta, kaluluwar da cutar ta fara shiga kuwa takan ɓuya ga MRI, ta ɓuya har ga wani hoton da ake kira PET. Saboda haka sai an ciro kaluluwar a ɗakin tiyata an duba da madubin likita, in an sami cuta a fasa niyya, a ceci rai. Inda babu MRI, sikanin da ake yi ta farji ko ta dubura yakan kusa cim mata, muddin hannun gwani ne ya riƙe shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, galibin matanmu ba sa isa asibiti sai jini da wari sun daɗe, ƙarin ya wuce duk wani awo, maganar barin mahaifa ba ta ma taso ba. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV da ke haddasa cutar. Ya ku iyaye, ku kai 'ya'yanku. Ya ku mazaje, idan iyalinku ta ga jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, ku raka ta a duba bakin mahaifarta a makon nan.