In An Miƙa Maka Makirufo

Mutane da yawa sun ɗauka iya magana gaban jama'a baiwa ce kawai, wanda Allah ya ba shi ya ba shi, sauran kuma sai dai su tafa. Akwai baiwa a ciki, babu musu. Amma a dubi mutanen da ake misali da su a ƙasar nan. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma bayan kwana shida ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano shi ma ya riƙe alli a wannan makarantar kafin kafa jam'iyyar NEPU. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, da aji ya fara. Duk sun yi shekaru suna tsayawa kullum gaban yara, waɗanda ba sa ɓoye gajiyarsu, in ba su gane ba a fuskarsu za ka gani. A ganina, a can suka goge.

Tsoro shi ne abin da aka fi kuka da shi, amma ba shi ne babban aibin jawabanmu ba. Babban aibin shi ne mutum ya miƙe bai san abu ɗaya da yake son a tafi gida da shi ba. Daga nan tsawaitawa ke shigowa. An ba shi minti biyar a taron ƙaddamar da littafi ko walimar sauka, sai ya cinye huɗu wajen gaishe-gaishe: mai martaba, mai girma, wakilin wane, uwargidan wane, duk kuwa da cewa mai gabatarwa ya riga ya jero su kaf. Sa'annan ya ce "ba zan tsawaita ba", kuma duk wanda ya saba zuwa taro ya san da jin wannan sai ya gyara zama. Girmama manya wajibi ne a al'adarmu, amma gaishe da uban taro da mutum biyu ko uku, sannan a haɗa sauran a gaisuwa ɗaya, ya wadatar. Babu basaraken da ke jin daɗin zama cikin rana don a sake kiran sarautarsa karo na goma.

A Gettysburg ta Amurka, ranar 19 ga Nuwamba, 1863, Edward Everett ya yi kusan awa biyu yana jawabi. Shugaba Abraham Lincoln ya tashi bayansa ya yi kamar minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba, kuma nasa ne ake karantarwa a makarantu har yau. Ba sai ma mun je nesa ba: Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa taƙaita huɗuba da tsawaita salla alama ce ta fahimtar mai yin su.

To yaya ake shiri? Kafin ka rubuta komai, faɗa wa wani na gida abin da za ka ce cikin jimla ɗaya. In ka kasa, ba ka shirya ba tukuna. In ka iya, nemo hujja biyu ko uku da za su riƙe jimlar, kowace da misalin da masu sauraro suka sani. Jawabi kan rigakafi gaban likitoci daban yake da wanda za a yi wa iyaye mata a ƙofar gidan mai unguwa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Lissafin lokaci kuwa mai sauƙi ne: mai magana a natse yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti, wato jawabin minti biyar bai wuce shafi ɗaya da rabi ba. Kada ka haddace shi duka, domin kalma ɗaya in ta ɓace sai sauran su bi ta. Haddace jimlolin farko da na ƙarshe, tsakiyar kuma ka riƙe kanun a 'yar takarda.

Shi kuwa tsoro, aikin jiki ne. Zuciya ta buga, baki ya bushe, hannu ya yi rawa, duk saboda jiki ya ɗauka haɗari ne ya tunkaro. Yakan lafa bayan an fara, shi ya sa jimlolin farko suke da muhimmanci. Ja numfashi a hankali sau uku, kurɓi ruwa, ka zaɓi fuskoki kaɗan a sassan ɗakin kana dubansu bi da bi. Kuma kada ka ji tsoron shiru. Mai gargada yakan cike kowane gurbi da "wato" da "ka gane ko", alhali ɗan dakatawa bayan magana mai nauyi shi ke ba ta wurin zama. Saurari masu tafsirin azumi da suka ƙware, ka ji yadda suke sassauta murya su ɗaga, da yadda karatun mai jan baƙi ke ba kunne hutu.

Sai masu gabatar da aiki da kwamfuta da majigi, ɗalibai wajen kare kundi da ma'aikata a taron bita. Kuskurensu ɗaya ne: su cika allo da rubutu, su juya wa mutane baya suna karantawa. Allo na hoto ne da jadawali da adadi guda mai muhimmanci, bayani kuma naka ne. Ka shirya yadda in wuta ta ɗauke za ka ci gaba ba tare da ka tsaya jiran janareta ba. Makirufo kuma a bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsa da baki, ba a hura shi, ba a tsayawa da shi gaban lasifika.

Wayar da ke aljihunka ta isa malamin farko. Ɗauki kanka kana jawabin, ka kalla, ka sake. Ba za ka ji daɗin kallon farko ba, kusan babu mai jin daɗinsa. Shugabannin makarantu kuma, na boko da na Islamiyya, don Allah a farfaɗo da muhawara ta mako-mako, da Hausa da Turanci, a riƙa ba 'yan mata da yaran da ke ɓuya a bayan aji nasu mintin.