Ku Bar Hajiya Ta Ɗauki Bokitinta

A yawancin gidajenmu, da zarar dattijuwa ta miƙa hannu za ta ɗauki bokitin ruwa, sai jika ko suruka ta taso da sauri: "Haba Hajiya, kawo, ki zauna ki huta." Idan Baba ya yunƙura zai tashi daga tabarma, kafin ya dafa ƙasa an riga an kama masa hannu. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuma na fatan mu rasa ta. Amma binciken likitoci na shekaru talatin da ɗoriya da suka wuce ya tabbatar da wani abu da ya kamata ya dame mu: tsohon da aka sauke wa kowane nauyi, an matso masa da ranar da zai kasa ɗaukar nauyin jikinsa.

Tsoka, wato naman da ke manne da ƙashi yana motsa shi, tana fara raguwa tun mutum yana wajen shekara 30. A kowace shekara goma akan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100, idan aka haura 60 kuma raguwar ta ƙara gudu. Sikeli ba ya tona wannan asiri, don kitse yakan maye gurbin naman da ya tafi, sai a ga Hajiya ta cika zane alhali cinyarta ta yi rauni. Zaruruwan tsokar da suka fi saurin tafiya su ne masu aiki cikin ƙiftawar ido, waɗanda ke jefa ƙafa gaba su tare mutum idan ya yi tuntuɓe. Alamun kuwa duk mun san su, sai dai mun saba kiransu tsufa kawai: dafa gwiwa kafin a miƙe, wahalar tsugunno a bayi, jiran a tallafa kafin a shiga a-daidaita-sahu, da komawa sallah a kan kujera tun ba a kai saba'in ba.

Jiki ɗan kasuwa ne, hajar da ba ta tafiya ba ya sake sarinta. Riƙe tsoka yana cin abinci da kuzari, don haka duk wadda ba a aiki da ita sai jiki ya rage ta. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, 'yan wajen shekara 67, a gado har kwana goma. Da suka tashi, kusan kilo guda na nama ya zube daga ƙafafunsu. Babu zazzaɓi, babu yunwa, kwanciyar ce kawai ta yi wannan ɓarna. Sai a auna dattijon da zazzaɓin taifod ko tiyata ya kwantar da shi mako uku, ya dawo gida kuma aka hana shi taɓa ko buta.

An daɗe ana ɗauka cewa abin da ya tafi ya tafi ke nan. Likitar da ta girgiza wannan zato ita ce Maria Fiatarone. A 1990 ta buga sakamakon wani ɗan ƙaramin gwaji da ta yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Mutum goma ta ɗauka, ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96, galibinsu da ciwon gaɓoɓi ko na zuciya ko hawan jini. Ta ɗora su a kan na'urar miƙe gwiwa sau uku a mako, da nauyin da ya kai kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa, kuma duk lokacin da ƙarfi ya ƙaru sai a ƙara nauyin. Bayan mako takwas, ƙarfin ƙafar mutum taran da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, naman cinyarsu ya ƙaru da kashi 9. Biyu sun ajiye sandarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya: da aka dakatar da atisayen na mako huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya sake tafiya. Ba magani ba ne da za a sha kwana bakwai a ajiye.

Tazarar da ke tsakanin 174 da 9 tana da bayani. A makonnin farko, ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo ne ke sake koyon yadda za su tashi zaruruwan tsokar da suka daɗe ba a kira su ba, su sa su aiki tare a lokaci guda. Kaurin nama daga baya yake zuwa. Shi ya sa tsohuwar da ta fara atisaye takan ji sauƙin tashi daga kujera tun kafin kowa ya ga canji a jikinta.

Tun kafin tsofaffi, a kan masu rauni aka fara gane wannan. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan soja mai suna Thomas DeLorme yana aiki a wani asibitin soja a Shikago da ya cika da sojojin da aka yi wa tiyatar gwiwa da karaya. Tsarin wancan zamani shi ne hutu mai tsawo da ɗan motsi marar nauyi, majinyaci ya yi watanni yana jan ƙafa. DeLorme, wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne, ya soma ba su nauyin da ba za su iya ɗagawa fiye da sau goma ba, yana ƙarawa mako-mako. Ya buga abin da ya gani a 1945, kuma tsarin nan na sau goma har zagaye uku da ake yi a gidajen motsa jiki a yau daga aikinsa ya fito.

Wannan darasi bai gama isowa gare mu ba. Haɗarin babur da na mota suna kai mutane Asibitin Ƙashi na Dala a Kano kullum, wasu kuma da yawa wajen maɗori suke nufa. Ko a filastar asibiti ko a karan ɗori, ƙafar da ta yi mako shida ko takwas a ɗaure takan fito siririya, gaɓarta a sandare. Da an kwance, sai 'yan uwa su ce alhamdu lillahi ƙashi ya kama, magana ta ƙare. A gaskiya rabin aikin ne aka yi. Ɗingishin da mutum zai zauna da shi har tsufa sau da yawa daga cinyar da ba a sake ginawa ba yake fitowa. Mutane kan ɗauka sashen gashin ƙashi na asibiti wurin tausa ne da ɗumama ciwo da fitila, alhali babban aikin likitan gashi shi ne ya auna nauyin da gaɓa za ta iya ɗauka a yau, ya ƙara kaɗan a mako mai zuwa. Haka abin yake ga mai ciwon gwiwa na tsufa da wanda ɓarin jikinsa ya shanye: ƙarfafa tsokar da ke kewaye da gaɓa yana cikin maganin farko.

Mata suna da ƙarin dalili. Sinadarin istrojin yana tsare ƙashi daga zaizayewa, idan al'ada ta ɗauke sai ya faɗi, ƙashi ya shiga yin laushi cikin sauri a shekarun farko, babu zafi babu alama. Ƙiyasin duniya shi ne mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 za ta gamu da karaya saboda laushin ƙashi. Tsohuwar da ta rage tsawo ta yi doro, sau da yawa ƙasusuwan gadon bayanta ne suka lotsa ɗaya bayan ɗaya. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, amma an yi shekaru ana tsoron bai wa masu laushin ƙashi nauyi, kada su karye. Belinda Beck da abokan aikinta a Jami'ar Griffith ta Ostareliya suka gwada a kan mata 101 da al'adarsu ta ɗauke kuma ƙashinsu ya yi rauni. Rabi sun ɗaga ƙarfe mai nauyin gaske, minti 30 sau biyu a mako har wata takwas, a gaban mai koyarwa. Kaurin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na waɗanda suka tsaya a motsi mai sauƙi kuwa ya ragu da fiye da kashi 1. Babu wadda ta karye a wurin atisayen. A lura da sharaɗin mai koyarwa, don da shi aka sami wannan sakamako.

Wani zai ce ai matanmu ba su san zaman banza ba. Ga matar karkara mai daka da surfe da jan guga da ɗaukar itace, da gaskiyarsa, kuma matsalarta ta daban ce: aiki ba hutu, haihuwa kusa-kusa, da tuwon da ba ya tare da abin gina jiki. Ita abinci da sauƙi take buƙata. Amma a birni injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi na rijiya, kuma ina murna da hakan. Abin da ya rage wa mace mai shekara 50 a cikin gida shi ne tsayuwa da kai-komo tsakanin ɗaki da madafa, aikin da ke gajiyarwa ba tare da ya ƙarfafa ba. Namiji ko ba komai yana taka ƙafa zuwa masallaci da kasuwa. Tunda tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, raguwarta tana buɗe wa ciwon suga ƙofa.

Akwai kuma tsokar da ba a maganarta saboda kunya, wadda ke shimfiɗe a ƙasan mara tana riƙe da mafitsara da mahaifa. Ciki da haihuwa suna sassauta ta, sai mace ta riƙa ganin ɗigon fitsari idan ta yi tari ko atishawa, alwala ta zame mata abin fargaba. Likita Arnold Kegel ya bayyana atisayenta a 1948: a matse kamar mai riƙe fitsari na 'yan daƙiƙoƙi, a saki, a maimaita, kullum har wata uku. Mata da yawa suna samun sauƙi sosai. Wannan daban yake da yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa, wanda fitsari ke zuba dare da rana. Shi huji ne, tiyata ce maganinsa, a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina.

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako, wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku. Dalilinta a fili yake: faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Farawa ba ya buƙatar gidan ɗaga ƙarfe. Kujera mai ƙwari a jingine da bango ta isa: a zauna a hankali, a miƙe ba dafawa, sau takwas zuwa goma sha biyu. Ranar da hakan ya zama wasa, sai a rungumi jarka mai lita biyu, daga baya mai lita biyar, tunda litar ruwa kilo guda ce. A tura bango da hannu, a yi ɗage a kan yatsun ƙafa ana dafe da taga. Ma'aunin shi ne biyun ƙarshe su yi wuya amma su yiwu. Kada a riƙe numfashi wajen yunƙuri, don yana harba jini sama. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, amma sukar gaɓa, jiri, ko ciwon ƙirji alamar tsayawa ce. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciki, da wadda ta taɓa karyewa daga ɗan faɗuwa kaɗan, su fara ganin likita. Sannan a duba kwanon tsoho, wanda mukan cika da koko da kunu saboda haƙora: ƙosai, alale, awara, kindirmo, ƙwai da kifi duk masu taushi ne, kuma su ne kayan ginin.

Tsarin da nake ganin ya fi dacewa da gidajenmu daga Niyu Zilan ya fito. A shekarun 1990, masu bincike a Jami'ar Otago sun fara gwada shi a kan mata 'yan shekara 80 zuwa sama. Ma'aikacin lafiya yakan je gida 'yan lokuta kaɗan, ya koyar da motsin ƙafa da ɗan nauyin da ake ɗaurawa a idon sawu, ya dawo ya ƙara, sauran kuma tsohuwa ta yi da kanta sau uku a mako. Da aka haɗa gwaje-gwajen, faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Mu da muka shafe shekaru muna tura mata ma'aikatan lafiya gida-gida don rigakafin shan inna, muna da Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi duk shekara, muna kuma da makarantun Islamiyya da dattijan mata ke taruwa mako-mako, ba mu rasa hanyar isa ga waɗannan iyaye ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su saka wannan koyarwa cikin aikin ƙananan asibitocin unguwa, su horar da masu kai ta.