Kashin Dankali A Kan Suna: Darasin Shari'ar Nissan Ga 'Yan Kasuwar Maiduguri

A Maiduguri, kamar sauran manyan garuruwan Arewa, al'ada ce ɗan kasuwa ya rubuta sunansa ko na mahaifinsa a ƙofar shago, ba mai ce masa don me. Yanzu kuwa da masu turaren wuta da masu hular zanna suka soma kai hajarsu intanet, wannan suna shi yakan zama adireshin shafinsu. A nan rigima take ɓullowa, domin adireshi ɗaya ba ya zama na mutum biyu, kuma manyan kamfanoni suna da lauyoyi masu farautar duk sunan da ya yi kama da alamar cinikinsu. Abin da ya sami wani ɗan kasuwa a Amurka ya isa mai karatu ya san girman al'amarin.

Sunan mutumin Uzi Nissan, haifaffen birnin Ƙudus, wanda ya koma Amurka a 1976. Nissan sunan iyalinsu ne, kuma sunan wata ne a kalandar Yahudawa. A 1980 ya buɗe garejin gyaran motoci da wannan suna, lokacin da kamfanin motocin nan na Japan yake sayar da motocinsa a Amurka da sunan Datsun. A 1991 ya kafa kamfanin kwamfuta a Jihar North Carolina, sa'an nan a 1994 ya yi rajistar adireshin nissan.com.

A watan Disamba 1999 kamfanin Nissan Motor ya kai shi ƙara, yana neman diyyar dala miliyan 10. Ba za a ce kamfanin ba shi da hujja ko kaɗan ba, gama mutumin ya taɓa sa tallan motoci a shafin, kuma kotu ta ce wannan keta haƙƙi ne. Amma hukuncin 2002 ya wuce nan, har ya hana shi kowane ciniki a shafin da kuma sukar kamfanin. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hanin suka, ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai a 2007 aka tabbatar masa da adireshinsa, bayan kusan shekara 8 ana ja-in-ja. Shi da kansa ya ce shari'ar ta ci masa wajen dala miliyan 3. Ya rasu a watan Yuli 2020, adireshin yana hannunsa, alhali kamfanin yana amfani da nissanusa.com.

Wani lokaci kuwa abin yakan zama abin dariya. A 2003 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a Kanada, mai suna Mike Rowe, ya buɗe shafi ya kira shi MikeRoweSoft, wanda in an faɗa da baki yakan yi kama da Microsoft. Lauyoyin kamfanin suka nemi ya miƙa shafin a ba shi dala 10, shi kuwa ya ce sai dala 10,000. Da labarin ya bazu a jaridu a watan Janairu 2004, jama'a suka goyi bayan yaron, kamfanin ya amsa cewa ya tsananta, aka yi sulhu, aka haɗa masa da kyautar na'urar wasa ta Xbox.

To, yaya dokar ƙasar nan take? Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyu, ga wanda ya ɗauki sunan wani da gangan don ya hana mai shi amfani da shi. Wannan daidai ne, domin akwai masu kama sunayen kamfanoni don su sayar musu da tsada. Amma dokar alamomin ciniki ta 1965 ta ce rajistar alama ba ta hana mutum amfani da sunansa na gaskiya, muddin da zuciya ɗaya ya yi. Haka kuma ƙa'idar sasanta rigingimun adireshi da hukumar ICANN ta kafa a 1999 ta ɗora wa mai ƙara nauyin tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da alamarsa, mai shafin ba shi da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi.

Watau doka ba ta bar talaka a rana ba. Abin da yakan kayar da shi shi ne tsoro da tsadar lauya, domin mutane da yawa sukan saki sunansu tun daga takardar barazana ta farko, suna cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Abin da ya tsayar da Uzi Nissan kuwa shi ne shaidar cewa ya daɗe yana ciniki da sunansa kafin ƙarar.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwar Maiduguri ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya adana rasiɗai da tsofaffin takardun ciniki, ya kuma guji sa tambari ko tallan da zai sa a zaci shi wakilin wani kamfani ne. In takarda ta zo, kada ya sa hannu ko ya yanka wa sunan farashi sai ya ga lauya, gama neman kuɗi shi ne abu na farko da akan kafa hujjar mugun nufi da shi. Irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya ce take sauraronta, kuma tana da reshe a Maiduguri.