Dutsen Iyaka: Tsokaci Kan Sunayen Alamomin Iyakar Ƙasa a Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce duba dalilin da ya sa Hausa ba ta da kalma guda tilo da ke nufin dutsen da ake kafawa don nuna iyakar fili, alhali kuwa rikicin iyaka daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa.

A gargajiyance, manomi ba ya dogara da dutse. Yakan bar layin gamba tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa, ko ya dasa bini-da-zugu, ko a yi shaida da wata kuka ko tsamiya da kowa ya sani. Idan gardama ta taso, mai unguwa da dattawa ne ke tattakawa su nuna inda kowa ya tsaya. Wato alamar tana tsirowa ne, mutane kuma su ne shaidarta. Shi ya sa harshen ya wadata da kalmomi irin su shinge da darni da burtali, ya kuma samar da "cin iyaka". Abin lura a nan shi ne fi'ilin "ci", domin mai wannan ta'ada a hankali yake gutsurar gonar ɗan'uwansa, kunya ɗaya kowace damina. Malamai sukan tsoratar da shi da hadisin da Muslim ya ruwaito, mai la'antar wanda ya sauya alamomin ƙasa.

Alamar dindindin da awo ya tabbatar ta yaɗu ne da zuwan Turawa. Tsakanin 1906 da 1908, hukumar haɗin gwiwar Ingila da Faransa, ƙarƙashin O'Shee da Tilho, ta kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Daga baya safiyo ya shigo birane da nasa ƙaramin ginin siminti mai lamba a kusurwar fuloti, wanda muhimmancinsa ya ƙaru bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, lokacin da takardar mallaka ta zama abin nema.

Mai fassara yakan rasa abin kamawa: ko "dutsen iyaka", ko "turken iyaka", ko "alamar safiyo". A ganinmu "turke" ya fi dacewa, tunda abin kafa shi ake yi, kuma sau da yawa ba dutse ba ne. Matsalar ba ta ado ba ce kawai: idan tafinta ya ce "dutse" a gaban alƙali, mai shaida na iya nuna wani fa da ke gefen gona, a yanke hukunci a kansa.