Yadda Za A Kiyaye Fatar Zabiya

Mai gida da uwar gida, ku saurara. Zabiya yaro ne wanda jikinsa ba ya yin isasshen sinadarin da likitoci ke kira melanin, wato abin da ke ba fata da gashi da ido launinsu, yake kuma tsare fata daga ƙunar rana. Gado ne daga uba da uwa duka biyu. Su kansu suna iya zama baƙaƙe, amma kowannensu yana ɗauke da irin a ɓoye. In haka ne, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 ya zo zabiya. Saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi, kada a ce aikin iska ne. Ba a kuma ɗauka ta wurin cin abinci tare.

Waɗansu sun ji labarin lesa, wani haske mai ƙarfi da aka fara ƙerawa a Amurka cikin 1960. A manyan asibitoci likitoci sukan ƙone tabon fata da shi. To, a sani, lesa ba ta mayar da zabiya baƙi, ba kuwa wani magani da ke yin haka. Kada ku sayar da akuyarku domin mai yi muku wannan alkawari.

Babban abokin gaban zabiya rana ce. Ita ke ƙona fata shekara da shekaru har ta zama sankara. Ga abin da za ku yi:

1. A sa masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu tun yana ƙarami.
2. Ya zauna a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Noma da kiwo sai da sassafe ko da la'asar sakaliya.
3. In ana samun man kare rana, a shafa masa kullum a fuska, wuya, kunnuwa da hannuwa.
4. Idonsa ba ƙarfi. A roƙi malam ya zaunar da shi a gaban aji, a kuma kai shi a gwada masa tabarau.
5. Kada a hana shi gishiri. Rana ke kawo tabon, ba miya ba.

In kun ga gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, ko ƙurji mai kaushi da ke zubar da jini, ku kai shi asibiti nan da nan. Sankarar da aka kama da wuri likita yakan cire ta. Wadda aka bari ta daɗe takan kashe. Rigakafi ya fi magani.