Almakashin Ƙwayar Hanji Da Ake Yaƙar Sankara Da Shi

Ƙwayar nan ta E. coli da ke zaune cikin hanjin kowa tana da wani sinadarin furotin wanda masana ke kira PNP. Aikinsa irin na almakashi ne: yana datse ƙananan tubalan da ake gina ƙwayoyin gado da su, domin a sake morarsu.

Jikin ɗan Adam ma yana da nasa PNP, amma sun sha bamban. A 1997 Steven Ealick da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka bayyana siffar na ƙwayar: gaɓoɓi shida ne a haɗe, alhali na mutum uku ne. Bakin da yake yanka da shi ma daban ne, shi ya sa yake datse tubalin adenosin da danginsa, waɗanda na mutum ba ya iya taɓawa.

To, nan ne fa likitoci suka hango dabara. Tun 1994 Eric Sorscher da William Parker a Jihar Alabama suka nuna cewa in aka dasa almakashin ƙwayar cikin ƙwayoyin sankara, sannan aka ba da magani mai kama da adenosin, to a can kaɗai za a datse shi ya zama dafi, ya kashe su har da na kusa da su.

A 2015 aka buga sakamakon gwajin farko a kan masu sankarar kai da wuya, da maganin fludarabine. Har yanzu dai dabarar tana matakin gwaji, ba ta shiga asibitoci ba tukuna.