Yadda Ɓarin Ƙwaƙwalwa Biyu Ke Raba Aikin Gane Ma'anar Kalma

Kalmar "dutse" kalma ɗaya ce, amma ma'anarta ta fi ɗaya. Idan ma'aikaci ya ce an yi masa canjin aiki zuwa Dutse, kowa ya san babban birnin Jihar Jigawa yake nufi. Idan mace ta ce ta zuba gero a dutse, na niƙa take nufi. Idan kuwa telan kasuwa ya ce dutse ya yi zafi, to, na guga ne. Mai sauraro ba ya tsayawa lissafi, kafin ƙiftawa da bismilla ya zaɓi ma'anar da ta dace. Abin tambaya shi ne, ta ƙaƙa ƙwaƙwalwa ke yin wannan zaɓe?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta kasu ɓari biyu, na hagu da na dama, kuma kowane ɓari kishiyar gefensa na jiki yake sarrafawa. Watau ɓarin hagu shi ke motsa hannun dama, na dama kuwa shi ke motsa hannun hagu. A tsakaninsu akwai wata gada ta jijiyoyi kimanin miliyan 200, wadda ta kanta suke aika wa juna saƙo.

A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majiyyaci a birnin Faris wanda yake gane abin da aka faɗa masa, amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. Da mutumin ya rasu aka bincika, sai aka tarar da rauni a gaban ɓarin hagu. A 1874 kuma Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wasu majiyyata masu zuba magana ba gargada, amma maganar ba kai ba gindi, su ma ba su gane ta mutane. Nasu raunin can baya yake, wajen saitin kunne, shi ma a hagu. Daga nan aka ɗauka cewa harshe kacokan na ɓarin hagu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wajen kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, a hagu cibiyar maganarsu take, haka ma akasarin bahagwai.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Daga shekarun 1960 Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka yi nazari a Kalifoniya a kan mutanen da aka yanke wa gadar nan saboda tsananin farfaɗiya. Idan aka haska sunan wani abu yadda ɓarin dama kaɗai zai gani, sai mutum ya ce bai ga kome ba, alhali kuwa hannunsa na hagu ya lalubo abin daga cikin tarkace. Ashe ɓarin dama ya gane kalmar, bakin faɗa ne ba shi da shi. Wannan aiki ne ya sa Sperry ya sami lambar Nobel a 1981.

Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa bambancinsu na ɗabi'a ne. Ɓarin hagu mai gaggawar yanke hukunci ne, yakan damƙi ma'anar da ta fi kusa, ya yar da sauran. Na dama kuwa yakan ɗan riƙe ma'anoni na nesa, ko da za a bukace su nan gaba. A 1977 Ellen Winner da Howard Gardner suka gwada majiyyata a Bostan, suka ga waɗanda ɓarinsu na dama ya taɓu sukan zaɓi hoton da ya nuna zahirin adon magana, su bar abin da ake nufi. Alal misali, da Bahaushe ne, in an ce wane yana da dogon hannu, sai ya nemi hannu mai tsawo, bai kawo ɓarawo a ransa ba. Habaici da gugar zana da karin magana duk suna bukatar irin wannan riƙo. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraren labarai, suka tarar ma'anonin kalmomi a warwatse suke a ɓarin biyu duka.

Hausa tana da nata ƙarin, domin harshe ce mai karin sauti. "Kuka" na yaro da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. An gwada masu harsuna irin wannan, kamar na Tailan da Sin, aka ga cewa idan karin sauti ya raba kalma da kalma, ɓarin hagu ya fi kulawa da shi. Amma gane cewa murya ta fushi ce ko ta lallashi, wannan ya fi karkata ga dama.

Amfanin wannan ilmi bai tsaya a ɗakin lacca ba. Shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ne babban mai jawo ta, takan zo da alamu biyu tare: hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke, saboda cibiyoyinsu maƙwabtan juna ne a hagu. Sau da yawa irin wannan majiyyaci yakan iya jero abin da ya haddace tun yana yaro, amma ya kasa roƙon ruwan sha. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba. Sau da yawa yana jin abin da ake faɗa a kansa, don haka ya kamata masu jinya su kiyaye harshensu. Wanda kuwa hagunsa ya shanye, bakinsa garau, mai yiwuwa ne ya daina gane wasa da shaguɓe, sai iyali su ɗauka taurin kai ne. Shi maganarsa a yi masa ita kai tsaye.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Duk wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko maganarsa ta harɗe, a gaggauta kai shi Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko babban asibiti mafi kusa, kada a jira wayewar gari. A sa'o'in farko ne likita ya fi samun abin cetowa, kuma abin da aka ceto shi ne jarin da majiyyaci zai sake koyon magana da shi.